Jidda: Birnin da ya zama ƙofar Saudiyya, amma Riyad ta tafi da mulki

A bakin Bahaushe, duk wanda ya hau jirgi ya nufi Saudiyya to "Makka" ya tafi, ko da aikin asibiti ne ya kai shi Dammam, ko karatu a Riyad. Haka kuma wanda ya tafi Birtaniya akan ce yana "Ingila", alhali wataƙila yana can Sikotland, inda mutanen wurin ba sa son a jingina su ga Ingila ko da wasa.

Ƙasashen biyu masarautu ne da aka ɗinke daga yankuna masu tarihi daban-daban. Birtaniya ta haɗa Ingila da Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa. Saudiyya kuwa ta haɗa Najadu da Hijaz da Al-Ahsa da Asir, kuma sunan da take amsawa a yau bai wuce na ranar 23 ga Satumban 1932 ba. Kafin wannan rana, sunanta a hukumance shi ne Masarautar Hijaz da Najadu da yankunan da ke ƙarƙashinsu.

Sai dai akwai inda suka rabu. A Birtaniya, birnin Landan ne ya tattara fada da majalisa da kasuwa da tashar jiragen ruwa tun ƙarnoni da dama. A Saudiyya an raba gadon gida biyu: mulki yana Riyad a tsakiyar hamada, yayin da ƙofar shiga da fita, wadda ta san baƙo kuma baƙo ya san ta, take Jidda a gaɓar Bahar Maliya. Wannan rabo ne ya sa alhajin da ya sauka a Jidda yake ganin fuska ɗaya kawai ta ƙasar, kuma ba fuskar masu riƙe da mulki ba ce.

Duwatsun da suka raba ƙasar

Faɗin Saudiyya ya haura murabba'in kilomita miliyan 2, wato ya ninka na Najeriya fiye da sau biyu, amma babu kogi ko ɗaya da ke gudana duk shekara a cikinta. Ƙidayar da aka yi a 2022 ta nuna mutum miliyan 32.2 ne ke zaune a ƙasar, kuma miliyan 13.4 daga cikinsu baƙi ne.

Wanda ya taso daga bakin Bahar Maliya ya nufi gabas, zai fara da wani siririn fili mai zafi da gumi da ake kira Tihama, inda Jidda take. Daga nan sai ya yi karo da jerin duwatsun Sarawat, waɗanda suka miƙe daga arewa har cikin Yaman. Kalmar "Hijaz" ma'anarta shamaki, kuma waɗannan duwatsu ne shamakin. A kansu garin Ɗa'if yake, inda sarakuna suka saba gudun zafin bazara. Idan aka bi su zuwa kudu sai su ƙara tsawo, har a kai yankin Asir, inda Dutsen Sauda da ke kusa da Abha ya kai kusan mita 3,000, ga hazo, ga ruwan sama, ga gonaki a jikin tsauni kamar matakala.

Bayan duwatsun ne tudun Najadu ya shimfiɗu, kuma ita ma kalmar tudu take nufi. Hamada ta kewaye shi ta ɓangare uku: Nafud a arewa, Dahna a gabas, sai Rub'ul Khali a kudu, wadda ita kaɗai ta kai kimanin murabba'in kilomita 650,000. Iskar Najadu busasshiya ce, zafinta mai ƙuna, sanyin hunturunta kuma ya fi na Jos. Can gabas, kusa da Tekun Fasha, akwai dausayin Al-Ahsa mai bishiyoyin dabino fiye da miliyan 2.5, da kuma rijiyoyin man fetur.

Tsakanin Jidda da Riyad akwai tafiyar kusan kilomita 950 a mota, wato kusan tazarar Legas zuwa Kano. A zamanin raƙumi tafiya ce ta makonni. Ya fi wa ɗan kasuwar Jidda sauƙi ya shiga jirgin ruwa ya tsallaka Sawakin ta ƙasar Sudan, ko ya gangara Adan, ko ya haura Masar, da ya ratsa duwatsu ya shiga Najadu. Don haka tun fil azal Jidda teku take fuskanta, ta juya wa hamada baya.

Yadda Jidda ta zama ƙofa

A shekara ta 26 bayan Hijira, wajajen 647 Miladiyya, Halifa Usman bin Affan ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka a maimakon Shu'aiba. Wannan hukunci shi ne arzikin garin har gobe. Akwai kuma tsohon zance da ke cewa a nan aka binne Nana Hauwa'u, har wasu ke danganta sunan garin da kalmar Larabci mai nufin kaka, kuma akwai maƙabartar da ke amsa sunanta a tsohon gari.

Wurin kansa bai dace da birni ba. Babu ruwan sha, ƙasar gishiri ce, gaɓar kuma cike take da murjani mai fasa jirgi. Mutanen garin sun rayu da ruwan sama da suke tarawa a tafkunan ƙasa, sai a farkon ƙarni na 20 aka kafa wani injin tace ruwan teku da suka raɗa wa suna "kindasa", daga sunansa na Turanci. A 1947 ne aka janyo ruwa daga Wadi Faɗima. A wannan shekarar ce kuma aka rushe ganuwar da aka gina tun farkon ƙarni na 16 don kare garin daga jiragen yaƙin Fotugal, waɗanda suka kawo farmaki a 1517 ba su yi nasara ba.

Da duwatsun murjani aka gina tsohon garin, wanda ake kira Al-Balad, gidaje masu hawa huɗu da biyar, da tagogin katako masu sassaƙa da ake kira rawashin, waɗanda ke shigar da iska su tare ido. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Mafi shahara a cikin gidajen shi ne Baitu Nasif, wanda a ƙofarsa akwai wata tsohuwar darbejiya da ake cewa a wani zamani ita kaɗai ce bishiya a garin, har masu aiko wasiƙa kan rubuta "gidan da ke da bishiya".

Hannun Birtaniya

Tun da kayan Indiya da alhazan Indiya ta Jidda suke bi, kuma Indiya tana hannun Birtaniya, Turawan Ingila sun daɗe da ƙaramin ofishin jakadanci a garin. Zaman bai kasance lami lafiya ba. A watan Yunin 1858 rikici ya ɓarke kan tutar da za a ɗaga a wani jirgin ruwa, a daidai lokacin da masu jiragen gargajiya ke kukan cewa jiragen Turawa masu amfani da tururi sun ƙwace musu sana'a. Aka kashe wakilin Birtaniya da na Faransa da wasu Kiristoci kusan 20. Bayan 'yan makonni wani jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Cyclops ya yi wa garin luguden wuta. Buɗe mashigin Suwez a 1869 ya ƙara yawan jiragen Turawa a gaɓar.

A 1916, lokacin da Sharif Husaini na Makka ya yi wa Turkawan Usmaniyya bore, jiragen Birtaniya ne suka taimaka masa ya karɓe Jidda a watan Yuni, kuma ta nan T. E. Lawrence ya shigo a watan Oktoba. Aka kafa Masarautar Hijaz mai cin gashin kanta.

Ba ta kai shekara goma ba. A can Najadu, Abdul'aziz bin Sa'ud, wanda ya ƙwato Riyad a 1902, ya riga ya ci Al-Ahsa a 1913 da Ha'il a 1921. A 1924 dakarunsa suka shiga Ɗa'if da Makka. Sharif Husaini ya sauka ya bar wa ɗansa Ali, shi kuma ya fake a bayan ganuwar Jidda. Birtaniya, wadda ke ƙawance da ɓangarorin biyu, ta naɗe hannu. Bayan ƙawanya ta kusan shekara guda, garin ya miƙa wuya a watan Disamban 1925, wakilin Birtaniya ne ya shiga tsakani, kuma a jirgin Birtaniya Ali ya bar garin. Abdul'aziz ya sauka a Baitu Nasif.

A Jidda ne aka sa hannu kan yarjejeniyar 20 ga Mayun 1927, wadda a cikinta Birtaniya ta amince da cikakken 'yancin mulkinsa. Sir Gilbert Clayton ya sa hannu a madadin Birtaniya, Yarima Faisal a madadin mahaifinsa. A Jidda ne kuma, a Fadar Khuzam, aka sa hannu a watan Mayun 1933 kan yarjejeniyar haƙar mai da kamfanin Standard Oil na Kalifoniya. Wani abin mamaki shi ne ɗan Birtaniya ne, St John Philby, wanda ya zauna a Jidda ya kuma musulunta, ya taimaka wa Amurkawa suka kayar da kamfanin da ƙasarsa ke da hannu a ciki. An samu man a Dammam a watan Maris na 1938, can ɗaya gefen ƙasar, kuma daga ranar kuɗin alhazai ya fara rage nauyi a baitulmalin gwamnati.

Babban birni biyu a ƙasa ɗaya

Najadu ta ci Hijaz da yaƙi, amma Hijaz ce ke da ma'aikata. Zamanin Turkawa da na Sharifai ya bar mata kwastan da gidan waya da kotuna da jaridu da makarantu irin su Al-Falah, wadda wani attajirin Jidda ya kafa a 1905. Don haka Sarki Abdul'aziz ya naɗa Faisal wakilinsa a Hijaz, ya bar harkokin ofis a can, shi kuma ya ci gaba da zama a Riyad.

Jakadun ƙasashen waje ba su da zaɓi. Wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, Riyad kuma ba a zuwa sai da izinin sarki. Saboda haka Jidda ta zama mazaunin jakadu na tsawon kusan shekara 60. A nan aka kafa babban bankin ƙasar a 1952.

Sannu a hankali kaya suka fara komawa gida. A shekarun 1950, zamanin Sarki Sa'ud, aka kwashe yawancin ma'aikatu zuwa Riyad. A tsakiyar shekarun 1980 ma'aikatar harkokin waje da ofisoshin jakadanci suka bi su, aka gina musu unguwa ta musamman. Dokar tsarin mulki ta 1992 ta ambaci Riyad a sashenta na farko a matsayin babban birni. 'Yan Najeriya za su tuna da ƙaurar da aka yi daga Legas zuwa Abuja a watan Disamban 1991, amma dalilin ya bambanta. An zaɓi Abuja ne domin ba ta kowa ba ce. Riyad kuwa gidan masu sarauta ce, tana maƙwabtaka da Dir'iyya, inda Muhammad bin Sa'ud da Shaikh Muhammad bin Abdulwahhab suka ƙulla alƙawari a 1744, kuma a 1824 suka fara mayar da ita hedikwatarsu.

Abin da ya rage wa Jidda ba kaɗan ba ne. A nan hedikwatar Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi take, wadda Hamid Algabid na Nijar ya yi wa babban sakatare daga 1989 zuwa 1996. A nan Bankin Raya Ƙasashen Musulmi yake, da kamfanin jiragen sama na Saudia, da ƙananan ofisoshin jakadancin da ke kula da alhazai, ciki har da na Najeriya. Amma a ƙidayar 2022 mutanen Riyad sun kusa miliyan 7, na Jidda kuma ba su kai miliyan 4 ba.

Kowane yanki da nasa

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Shekara fiye da dubu Jidda tana karɓar alhazai, kuma kowace shekara wasu ba sa komawa. Sunayen iyalan garin kaɗai sun isa shaida: Bin Mahfuz da Bin Ladin da Ba'ashin daga Hadramaut ta Yaman, Bukhari da Turkistani daga tsakiyar Asiya, Faɗani daga kudancin Tailan, sai Hausawi da Fallata da Barnawi daga ƙasar Hausa da Borno. A Najadu kuwa abin tambaya shi ne ƙabila: wane ne kakanka, daga wane reshe na Utaiba ko Anaza ko Tamim ka fito. Wannan tambaya tana da nauyi har yau, musamman wajen neman aure.

Bambancin ya shiga harshe. Ɗan Jidda zai ce "dahin" idan yana nufin yanzu, ɗan Riyad ya ce "alhin". Larabcin biranen Hijaz ya fi kusa da na Masar da Sudan a kunne. Ya shiga tufafi: tsofaffin Hijaz rawani suke naɗawa, amma hirami da baƙar igiyar Najadu su ne suka zama kayan ƙasa. Ya shiga kwano: Najadu na alfahari da jarish, wato fate-faten alkama, wanda aka ayyana abincin ƙasa a 2023, Hijaz kuma na da salig, shinkafar da ake dafawa da madara, ga shinkafar bukhari, ga mantu, ga gurasar tamis, kowanne da ƙasar da ya fito.

Ya shiga filin wasa ma. Rawar takobi ta Najadu, wato arda, ita ce sarakuna ke takawa a bukukuwan ƙasa. Hijaz na da mizmar, rawar sanda da ganguna, wadda da dama ke ganin akwai jinin Afirka a cikinta. A Asir mata ne ke zana bangon ɗakuna da launuka masu haske, kuma a tsaunukan kudu akwai mazan da ke ɗora furanni a ka. Duk wanda ya taɓa kallon karawar Al-Ittihad ta Jidda, wadda aka kafa a 1927, da Al-Hilal ta Riyad, ya san ba ƙwallo kaɗai ake bugawa ba.

Inda abin ya fi tsauri shi ne addini. Kafin 1925 mazhabobi huɗu ne ke da wurin limancinsu a Masallacin Harami, ɗariƙun Sufaye na da zawiyoyi, ana kuma yin maulidi a fili. Sabuwar gwamnati ta haɗa jama'a bayan liman ɗaya, ta ɗora shari'a kan mazhabar Hambaliyya, ta rushe ƙubbobin ƙaburbura. Maulidi bai mutu ba, ya dai koma cikin gidaje, kuma malamai irin su Sayyid Muhammad Alawi al-Maliki, wanda ya rasu a 2004, sun ci gaba da samun mabiya. A gabas akwai 'yan Shi'a masu yawa a Ƙaɗif da Al-Ahsa, a Najran kuma akwai Isma'iliyya.

Mai Yamani, 'yar tsohon ministan mai Ahmad Zaki Yamani, ta wallafa littafi a 2004 kan yadda manyan iyalan Hijaz ke riƙe da al'adunsu a ɓoye. Ba'ar da ake yi musu tana da zafi, domin akan kira su "ragowar alhazai" ko "abin da teku ta amayar". Su kuma suna da amsa a taƙaice, wadda ta zama taken garin: "Jidda ghair", wato Jidda daban ce.

Hausawan Jidda

Hausawa na cikin waɗanda tekun ta kawo. Tun kafin zuwan Turawa alhazan ƙasar Hausa kan bi ta Borno da Wadai da Darfur a ƙafa, suna tafe suna noma da ƙodago, tafiyar da kan ci shekaru, har su isa Sawakin su tsallaka. Yawansu ya ƙaru bayan 1903, lokacin da sojojin Birtaniya suka ci Sakkwato suka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi. Dubban mabiyansa sun ci gaba da hijira zuwa gabas. Wasu sun tsaya a Mai Wurno ta Sudan, wasu suka ƙarasa Hijaz. Abin takaicin shi ne da suka isa Jidda, sai suka tarar ofishin jakadancin Birtaniya ne ke da alhakin kula da takardun alhazan Najeriya.

Larabawa na kiran mutanen Afirka ta Yamma Takruni, daga sunan tsohuwar daular Takrur, kuma daga nan Hausa ta samu kalmar "takari". A wancan zamani mafi yawansu a wajen ganuwa suke, a wata unguwar bukkoki mai suna Nakatu, suna dako da jan ruwa da aikin tashar jirgi. Waɗanda kafa masarautar ya riske su a can, da dama sun zama 'yan ƙasa. Jikokinsu ne irin su Usama Hausawi, wanda ya jagoranci 'yan wasan Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Rayyana Barnawi, mace ta farko 'yar Saudiyya da ta je sararin samaniya a watan Mayun 2023, haifaffiyar Jidda ce. Hatta gasasshen naman nan mai ƙuli-ƙuli da yaji da mutanen Hijaz ke kira "siriya", tsire ne aka Larabce sunansa.

Waɗanda suka zo daga baya ba su samu wannan sa'a ba. A Saudiyya ta wajen uba ake gadon zama ɗan ƙasa, haihuwa a ƙasar ba ta bayar da shi kai-tsaye. Don haka akwai Hausawan da aka haife su a Jidda, aka haifi iyayensu a Jidda, amma zamansu ya dogara kan igama da ake sabuntawa, wasu ma ba su da ita. Unguwannin kudancin garin, irin su Karantina da Gulail da Sabil da Hindawiyya da Kandara, su ne suka zama matattararsu tare da 'yan Yaman da Chadi da Somaliya da talakawan Saudiyya.

Daga ƙarshen 2021 hukumomi suka fara rusa waɗannan unguwanni. Hujjarsu ita ce an gina su ba bisa tsari ba, kuma sun zama maɓoyar masu laifi da dillalan ƙwaya. Akwai ƙamshin gaskiya a batun rashin tsari, domin ambaliyar 25 ga Nuwamban 2009, wadda ta kashe fiye da mutum 120, ta fi yin ɓarna ne a unguwannin da aka gina a kan hanyar ruwa. Amma girman aikin da saurinsa sun girgiza garin. Ƙungiyar Amnesty International ta ce rusau ɗin ya shafi unguwanni fiye da 60 da mutum fiye da 500,000, kuma tsarin biyan diyya bai haɗa da baƙi ba. A watan Disamban 2021 ɗin ne Yarima Muhammad bin Salman ya ƙaddamar da shirin gina sabuwar cibiyar birnin a bakin teku kan riyal biliyan 75, kuma a watan ne aka yi tseren motoci na Formula 1 da bikin fina-finai na Bahar Maliya karon farko a garin.

Tsara wannan sabuwar Jidda daga Riyad ake yi, kuma Riyad ɗin ce ke jan manyan kamfanoni, ita za ta karɓi baje-kolin duniya na 2030, ita aka kafa wa sabon kamfanin jiragen sama na Riyadh Air. Ko a harkar aikin Hajji, alhazai da yawa yanzu Madina suke sauka kai-tsaye, wasu kuma daga filin jirgin Jidda suke shiga jirgin ƙasan Haramaini da aka buɗe a 2018, ba tare da sun taka cikin gari ba.

Iyalan da rusau ya tasa sun watsu zuwa gefen gari da Makka da wasu garuruwa, inda kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo. Wanda aka kama ba shi da takarda, cibiyar tsare baƙi ta Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka ake kai shi, kafin a sa shi a jirgi zuwa ƙasar da ke rubuce a fasfon kakansa. A cikin masu sauka a Kano ta wannan hanya akwai samari da 'yan mata da Larabcin Hijaz ya fi Hausa zama a bakinsu.